Tabon Rana da Walƙiyarta: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Ɗaga Kai Sama

A kwanakin farko na watan Mayun 2024, masana sararin samaniya suka lura da wani gungun baƙaƙen tabo yana ta bunƙasa a fuskar rana. Kafin mako ya zagayo, faɗinsa ya kai kimanin kilomita 200,000, wato za a iya jera duniyarmu har sau goma sha biyar daga wannan bakinsa zuwa wancan. Lambar da aka ba shi ita ce AR3664. Daga wannan gungu aka yi ta samun fashe-fashe ɗaya bayan ɗaya, har a daren 10 ga Mayu guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi cikin shekara ashirin ta doki duniya. Sama ta rine da ja da kore a wuraren da ba su saba ganin haka ba, irin su Meziko da Ladak ta ƙasar Indiya da Afirka ta Kudu. A tsakiyar Amurka kuwa, manoma da dama suka dakatar da shuka ana tsakiyar lokacinta, domin taraktocinsu masu bin GPS sun daina gane layi.

Hausawa suka ce, "Ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani kullum." Babu abin da muke gani kullum kamar rana, shi ya sa ba kasafai muke tunanin tana da hali mai sauyawa ba. Amma halin nata yana taɓa rediyon gajeren zango, da taswirar da direba ke bi a wayarsa, da sadarwar jirgin sama, da layukan wutar lantarki. Duk lokacin da labarin babban tabo ya bazu kuma, ko aka ce za a yi husufi, mutane kan fito su ɗaga kai domin su gane wa idonsu. Ga mutum ɗaya ɗaya, a nan haɗari mafi girma yake, domin ɓarnar da rana ke yi wa ido ba ta zuwa da zafi, kuma wani lokaci ba ta warkewa.

Mene ne tabon rana?

Rana dunƙulen iskar gas ce mai tsananin zafi, tana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 150. Faɗinta ya ninka na duniya sau 109. Zafin fuskarta, wato ɓangaren da muke gani, ya kai digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyas, na tsakiyarta kuwa ya kai digiri miliyan 15. Wannan zafi yana tasowa daga ciki zuwa sama kamar yadda kunu ke tafarfasa a tukunya: mai zafi ya hau, ya huce, ya koma ƙasa.

Da yake rana ba daskararren abu ba ce, sassanta ba sa juyawa da sauri ɗaya. Tsakiyar ƙugunta yana kammala zagaye cikin kwana 25, yankunan da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu kuwa sai sun ɗauki kusan kwana 35. Wannan bambanci yana murɗe layukan maganaɗisun da ke cikinta kamar yadda ake tufka igiya. Idan murɗewar ta yi yawa, sai wani ɓangare ya faso waje. A inda ya faso, ƙarfin maganaɗisun yana ninka na duniya sau dubbai, kuma yana hana zafin ciki tasowa yadda ya saba. Sai wurin ya ɗan huce, ya sauko zuwa wajen digiri 3,500 ko 4,000. Wannan wuri shi ne tabon rana.

Baƙin nasa na kwatanci ne kawai. Don yana kewaye da abin da ya fi shi haske ne yake bayyana da duhu. Da za a ciro shi a rataye shi a sama da dare, da ya fi farin wata cikakke haske. Babban tabo yana da sashe biyu: tsakiya mai duhu sosai, da geza mai ɗan haske da ta kewaye shi. Yawanci tabo ba ya zuwa shi kaɗai, sai dai biyu-biyu ko a gungu, kowane ɓari da nasa kan maganaɗisu. Ƙanana kan ɓace cikin kwana ɗaya ko biyu, manya kuwa sukan yi makonni, wani lokaci watanni, har rana ta juya da su bayanta su sake ɓullowa ta gabas bayan mako biyu.

Yadda aka san shi

Masu duban taurari na ƙasar Sin sun rubuta ganin baƙin abu a jikin rana tun shekara ta 28 kafin Miladiyya. Sukan gan shi ne idan ƙura ko hazo ya dusashe hasken. Zane mafi tsufa da ya wanzu shi ne na wani malamin coci a garin Wusta na Ingila, wanda ya yi a 1128. Bayan ƙirƙiro madubin hangen nesa, mutum huɗu suka duba tabon a tsakanin 1610 da 1611: Thomas Harriot a Ingila, da Johannes Fabricius da Christoph Scheiner a ƙasashen Jamus, da Galileo a Italiya. Scheiner ya ɗauka wasu ƙananan duniyoyi ne ke gilmawa ta gaban rana. Galileo ya nuna cewa a jikinta suke, kuma tafiyarsu shaida ce cewa rana tana juyawa.

Wani mai haɗa magunguna a garin Desau na Jamus, Heinrich Schwabe, ya shafe shekara 17 yana duba rana duk ranar da gari ya washe, yana neman wata duniya da ake zaton tana kusa da ita. Bai same ta ba, amma a 1843 ya bayyana abin da ya fi ta amfani: yawan tabo yana hawa yana sauka bisa tsari. A 1908 kuma George Ellery Hale, a cibiyar duban taurari ta Dutsen Wilson da ke Kalifoniya, ya tabbatar da cewa tabon rana matattarar maganaɗisu ne.

Zagayen shekara goma sha ɗaya

A matsakaicin lissafi, shekara 11 ake yi daga lokacin da rana ta yi shiru zuwa wani shirun. A lokacin shiru akan yi makonni ba a ga tabo ko ɗaya ba. A lokacin ganiya kuwa fuskarta kan cika da su. A kusa da ganiyar ne kan maganaɗisun rana na arewa da na kudu ke musayar wuri. Ana ƙirga waɗannan zagaye daga 1755. Na 25 ya fara a watan Disamban 2019, kuma a watan Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya kai ganiyarsa. Wucewar ganiya ba ta nufin an huta, domin manyan fashe-fashe sukan auku a shekarun da zagaye ke gangarowa.

Tsarin ma ba kullum yake bin ƙa'ida ba. Daga 1645 zuwa 1715, kusan shekara saba'in, tabon rana ya yi ƙaranci ƙwarai. Ana kiran wannan zamani da sunan Maunder, masanin da ya yi nazarinsa.

Tun 1972 hukumar NOAA take ba kowane gungu lamba. Lissafin ya haura 10,000 a 2002, sai aka riƙa yanke lambar farko don sauƙi. Shi ya sa AR3664 da AR13664 duk abu ɗaya ne. Gungu mafi girma da aka taɓa aunawa shi ne na watan Afrilun 1947, wanda ya ninka na Mayun 2024 fiye da sau biyu. Na Oktoban 2014, mai lamba AR2192, ya kai kusan faɗin duniyar Mushtari. Sai dai girma kaɗai ba shi ne ma'auni ba. Na 2014 ya yi ta walƙiya amma bai jefo wa duniya wani abin kirki ba. Abin da masana suka fi lura da shi shi ne yadda maganaɗisun gungun ya cakuɗe: idan kawuna masu adawa da juna suka matsu a wuri guda, to, fashewa ta kusa.

Walƙiya daban, amai daban

Abubuwa biyu ne ke fitowa daga irin wannan gungu, kuma sau da yawa ana haɗa su a baki.

Na farko walƙiyar rana. Idan murɗaɗɗun layukan maganaɗisu suka tsinke suka sake haɗuwa, sukan saki ƙarfi mai yawa cikin mintuna kaɗan. Mafi girmansu ya kai kwatankwacin biliyoyin bama-baman nukiliya. Wannan ƙarfi yana fita ne a matsayin haske iri-iri, har da hasken eksire irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Tafiyarsa tafiyar haske ce, minti takwas da 'yan daƙiƙu ya iso. Saboda haka ba a iya gargaɗi a kansa: lokacin da aka gan shi, lokacin ya zo. Taurarin ɗan'adam na GOES ne ke auna shi, kuma an kasa shi aji biyar: A, B, C, M da X, kowane aji ya ninka na bayansa sau goma. A cikin ajin X lambar tana ci gaba da hawa. AR3664 ya yi X8.7 a ranar 14 ga Mayun 2024, wani gungun kuma ya yi X9.0 a ranar 3 ga Oktoba na wannan shekara. Wadda ta fi kowace a tarihin awo ita ce ta 4 ga Nuwamban 2003, da ta fi ƙarfin na'urar awon kanta. An ƙiyasta ta a X28, daga baya wasu masana suka ce ta kai X45.

Na biyu aman rana. Wannan curin iskar gas ne mai ɗauke da cajin lantarki da maganaɗisu, nauyinsa kan kai tan biliyoyi, rana ta watso shi cikin sarari. Gudunsa yana kamawa daga kilomita 'yan ɗaruruwa zuwa kusan 3,000 a daƙiƙa guda. Mafi sauri kan iso cikin awa 15 zuwa 18, saura kuwa sai bayan kwana biyu zuwa huɗu. Idan ya nufo mu, ya kuma yi karo da garkuwar maganaɗisun da ta lulluɓe duniya, sai a sami guguwar maganaɗisu. Ana auna ta daga G1 zuwa G5. Ta Mayun 2024 ta kai G5, matakin da rabon a gan shi tun Oktoban 2003. Akwai taurarin ɗan'adam da aka girke kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta wajen rana, su ne ke fara ɗanɗana aman, su ba da gargaɗin ƙarshe na minti 15 zuwa awa ɗaya.

Ɓarnar da aka shaida

A ranar 1 ga Satumban 1859, Richard Carrington yana zana wani babban gungu a Ingila sai ya ga farin haske ya tashi a cikinsa na 'yan mintuna. Wani ɗan ƙasarsa, Richard Hodgson, shi ma ya gani daga wani wurin daban. Ba a cika awa 18 ba guguwa ta iso. Wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi a Turai da Amurka, wasu ma'aikata wuta ta ja su, kuma tsakanin Boston da Fotland an yi kusan awa biyu ana aika saƙo bayan an cire batir, da wutar da guguwar ta cusa wa layin kawai. An ga hasken sama mai launi har a Kyuba da Hawayi.

A wancan zamani tangaraho ne kaɗai abin da zai lalace. A ranar 13 ga Maris 1989, wutar lardin Kwibek na Kanada ta durƙushe cikin kimanin daƙiƙa 90, mutum miliyan shida suka yi awa tara babu wuta cikin sanyi. Dalili shi ne, guguwa tana haifar da wutar da ba a gayyace ta ba a cikin dogayen layuka, ta shiga manyan taransifoma ta sa su zafi, na'urorin kariya su yanke. A Oktoban 2003 birnin Malmo na Suwidin ya rasa wuta na kusan awa ɗaya, aka kuma sami rahoton lalacewar manyan taransifoma a Afirka ta Kudu. A Satumban 2017 walƙiya ta katse rediyon masu aikin agaji na sa'o'i a tsibiran Karebiyan, daidai lokacin da mahaukaciyar guguwar Irma ke ɓarna. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, wata 'yar matsakaiciyar guguwa ta kumbura iskar can sama, kusan 40 daga cikinsu suka rikito suka ƙone. A ranar 23 ga Yulin 2012 ma rana ta yi aman da masana ke kwatanta shi da na 1859, sai dai duniya ba ta kan hanyarsa.

Abin da ya shafe mu

Wanda ke tsaye a ƙasa, walƙiyar rana ba ta ƙona shi, domin iskar da ke sama tana shanye hasken eksire tun kafin ya sauko. Ba ita ke kawo zafin bazara ba. Duk bambancin ƙarfin hasken rana tsakanin shiru da ganiya bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba. Ba ta fasa allon sola da ke kan rufi, ba ta lalata wayar da ke aljihu. Ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu su suka fi fuskantar barazanar ɗaukewar wuta, don haka bai dace a ɗora wa rana laifin durƙushewar babban layin wutarmu ba tare da hujja ba.

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne sadarwa. Akwai wani rufin iska mai caji a can sama da ake kira ayonosfiya, shi ne ke dawo da muryar gajeren zango ƙasa, har mai sauraro a Kano ko Damagaram ya kama tashar da ke wata nahiya. Idan babbar walƙiya ta faru da rana tsaka a wajenmu, ƙasan wannan rufi yakan yi kauri ya haɗiye muryar, rediyo ta yi tsit na mintuna ko fiye da awa. Matuƙa jiragen sama da na ruwa suna amfani da irin wannan zango idan sun yi nisa da tasha. Haka kuma, Najeriya tana kan layin tsakiyar maganaɗisun duniya, yankin da ayonosfiya ke yawan rikicewa bayan faɗuwar rana, musamman a shekarun ganiya. Saƙon GPS da ya ratso ta cikin wannan rikici yakan zo da kuskure ko ya yanke, abin da ke damun masu awon filaye da ma'aikatan jiragen sama. Hukumar NASRDA tana da cibiyar nazarin sararin sama a Anyigba ta Jihar Kogi da ke bibiyar wannan fanni, Afirka ta Kudu kuma tana da cibiyar gargaɗi mai aiki dare da rana a garin Hamanus.

Akwai wani abu da ake rikita shi da walƙiya. A wajen watannin Maris da Oktoba, hoton talabijin na tauraron ɗan'adam kan ɗauke na 'yan mintuna a lokaci guda har kwanaki kaɗan. Wannan rana ce ke gilmawa ta bayan tauraron, hayaniyarta ta danne saƙonsa, ko da tabo ko babu.

Abin da rana ke yi wa ido

A bayan ido akwai wani tantani mai laushi wanda hoto ke sauka a kansa, kuma a tsakiyarsa akwai ɗan ƙaramin wuri da muke karatu da gane fuska da shi. Ƙwayar ido tana tattara haske ta kai shi daidai wannan wuri. Idan hasken rana ne kai tsaye, yana lalata ƙwayoyin gani cikin daƙiƙu. Tantanin ba shi da jijiyar jin zafi, saboda haka mutum zai gama kallo ya koma shagonsa ko ofishinsa yana ganin lafiya lau. Sai bayan sa'o'i, ko washegari, alamun su fito: dishi-dishi a tsakiyar gani, ko baƙin ɗigo da ke bin duk inda aka duba, ko layi madaidaici ya zama karkatacce, ko launuka su sauya. Wasu sukan sami sauƙi cikin wata uku zuwa shida, wasu kuwa tabon ya zauna har abada. Babu wani magani da aka tabbatar yana gyara shi. Isaac Newton kansa, da ya kalli rana ta madubi yana saurayi, sai da ya kulle kansa a ɗaki mai duhu kwana uku, kuma siffar ranar ta daɗe tana dawo masa.

A rana ta yau da kullum, hasken ne da kansa ke korar ido. Haɗari yana zuwa ne idan wani abu ya rage ƙyallin har kallo ya yi daɗi, alhali hasken da ke cutarwa yana nan. Haka abin yake a lokacin husufi, haka yake a hazon hunturu, lokacin da rana kan fito kamar farin faifai, mutum ya ji zai iya ƙura mata ido. Babban tabo yakan iya bayyana a irin wannan yanayi, amma hazo ba ma'auni gare shi ba: yana kauri yana sirancewa, kuma ido ba ya iya gane yawan abin da ke ratsowa.

Abubuwan da ba sa kare ido

Baƙin tabarau, komai tsadarsa, ko an haɗa biyu ko uku. Gilashin da aka shafa wa baƙin fitila. Takardar hoton ƙashi ta asibiti. Faifan CD. Baƙar leda. Gilashin mota mai duhu. Kallon rana a cikin kwanon ruwa ko a madubi, domin abin da ya dawo ya isa ya yi ɓarna. Leƙawa ta tsakanin yatsu ko ta hudar takarda. Duk waɗannan suna rage ƙyalli ne su buɗe ƙofar cuta.

Gilashin walda yana da nasa sharaɗi. Masana sun amince da mai lamba 12 zuwa 14 kawai, kuma da yawa daga waɗanda ake aiki da su a garejin walda ba su kai haka ba. Idan babu lamba a jikinsa, a bar shi.

Mafi muni shi ne kallon rana ta madubin hangen nesa, mai ido ɗaya ko mai ido biyu, ko ta idon kyamara. Waɗannan suna tara hasken ne su ninka shi, ɓarnar kuma nan take ce. Sanya tabaron husufi sannan a leƙa ta cikinsu ba dabara ba ce, domin hasken da aka tara zai narka tabaron. Matatar haske ta musamman a bakin gaba ake ɗaura ta, wajen da ke fuskantar rana.

Hanyoyin da aka amince da su

Ta farko ita ce tabaron husufi wanda ya cika ƙa'idar ISO 12312-2. Ya fi baƙin tabarau duhu sau dubbai. Idan aka sa shi a ɗaki bai kamata a ga komai ba, sai dai ƙwan fitila mai tsananin haske a dusashe. Idan ana ganin kujera da fuskar mutane, na jabu ne. A duba shi kafin amfani, in ya huje ko ya karce ko ya ɓalle daga kwalinsa a jefar. A sa shi kafin a ɗaga kai, a kawar da kai kafin a cire. Mai tabaron likita ya ɗora shi a kan nasa. Yara kuwa sai da babba a kusa. Da irin wannan tabarau ana iya ganin gungun da ya ninka duniya sau uku ko fiye, kamar ɗigon tawada.

A nan akwai amana a wuyan 'yan kasuwa. Buga lambar ISO a jikin kwali ba wuya gare shi ba, kuma gab da husufin 2017 kasuwannin Amurka sun cika da na jabu. Ƙungiyar masana taurari ta Amurka tana wallafa jerin masu ƙera na gaskiya a shafinta na intanet. Duk wanda zai yi odar wannan kaya ya nemi takardar gwaji daga ɗakin awo da aka sani, domin abin da zai sayar idon mutane ne ya dogara da shi.

Ta biyu ba ta buƙatar sayen komai: a jefa hoton rana a kan wani abu, a kalli hoton. Ibn al-Haisam, masanin Basra da ya rayu a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce, ya bayyana yadda hasken da ya shigo ta ƙaramar huda yake zana siffar rana mai husufi a bango. A huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a bar hasken ya sauka a kan farar takarda. A lokacin husufi, rariya ko matsamin taliya zai zuba ƙananan jinjirin wata masu yawa a ƙasa, haka ma inuwar darbejiya. Sai dai wannan hoto ya yi ƙanƙanta da nuna tabo. Don ganin tabo, a rufe ƙaramin madubi da takarda, a bar huda kamar girman ƙwayar wake, a ajiye shi a rana, a karkata shi ya jefa haske ta taga zuwa bangon ɗaki mai duhu. A nisan mita 10 hoton zai kai faɗin santimita tara, kuma babban gungu kan iya fitowa a cikinsa. Kada kowa ya tsaya a hanyar hasken yana duban madubin.

Ta uku ita ce intanet. Tauraron SDO na NASA, da aka harba a 2010, da SOHO, da ke aiki tun 1995, suna aiko da hotunan rana kullum, kyauta, kuma sun fi duk abin da ido zai iya gani daga tsakar gida.

Husufin da ke tafe

Da yawa suna tuna safiyar Laraba 29 ga Maris 2006, lokacin da inuwar wata ta ratso Gana da Togo da Benin, ta bi ta Shaki da yankin Gusau da Katsina, ta shige Nijar da Chadi. Wasu suna nan tafe. A ranar 6 ga Fabrairun 2027 za a yi husufi mai zobe, wanda zai ƙare da yamma a gaɓar Gana da Togo da Benin da kudu maso yammacin Najeriya. A irin wannan, wata ba ya rufe rana duka, don haka babu daƙiƙa ko ɗaya da ya halatta a cire tabarau. A ranar 2 ga Agustan 2027 cikakken husufi zai bi ta Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya da Masar, inda zai haura minti shida a Luksor, sannan ya ratsa Jidda da Makka. Masu Umara a wannan lokaci su tafi da shirinsu. A Arewa ɓangaren rana ne kawai zai rufe. A ranar 20 ga Maris 2034 kuma cikakken husufi zai bi ta Legas da birnin Benin, ya wuce Kamaru da Chadi.

Lokaci ɗaya tak ake kallon rana da ido tsirara: 'yan mintunan da wata ya rufe ta ruf, ga wanda ke cikin layin cikakken husufi kaɗai. Da zarar bakin rana ya ɓullo, a mayar da tabarau. Limamai da malaman makaranta da shugabannin kasuwa suna da rawar takawa, domin a ranar husufi jama'a kan taru don salla, yara kuma suna waje. Sanarwar minti ɗaya kafin lokacin za ta iya tsare idanu masu yawa.

Wanda kuwa ya riga ya kalla, ya kuma ga dishi-dishi ko baƙin ɗigo a tsakiyar ganinsa, ya je wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba, ya faɗa masa gaskiyar abin da ya faru da tsawon lokacin da ya ɗauka yana kallo. Kada a ɗiga tozali ko ruwan ganye ko wani maganin kemis, domin raunin a can bayan ido yake, inda ɗigo ba ya kaiwa.